Sheƙa a Ƙarƙashin Faifan Sola

Karafan ɗin Mukhtaru Mailafiya ya shekara shida a hoshi, wato tsakar gidansu da ke unguwar Rusaifa a Makka, kuma a duk shekarun nan bai taɓa wuce Shu'aiba da ke kusa da garin ba. Farar mota ce mai ɗaki a bayanta: gado biyu, murhun gas, ɗan banɗaki, da tebur da ake naɗewa a jikin bango. Ya saye ta hannu na biyu a shekarar da ya ajiye tuƙin bas ɗin alhazai, bayan shekara talatin da ɗaya yana kai da komo tsakanin Makka da Mina da Arafa. A lokacin ya ce yanzu zai ga ƙasar da aka haife shi a cikinta, tunda duk rayuwarsa kilomita ashirin yake maimaitawa. Sai matarsa ta kwanta ciwo, ta rasu. Bayan ita kuma ƙirjinsa ya fara. Motar ta zauna a hoshi, duk Juma'a ana tayar da injin na minti goma don kada ya kwanta.

Autarsa Lujain ta gama karatun injiniyan lantarki, ta samu aiki a wani kamfani a Yanbu. Ranar da takardar ta zo, Baba ya karanta ta sau biyu, ya zare siririn tiyon da ke hancinsa don maganarsa ta fita sosai, ya ce shi zai kai ta da kansa. A karafan. Za su bi bakin teku, su kwana uku a hanya, yayanta Taha ya yi tuƙi.

Babu wanda ya ce masa a'a. Mako biyu kafin nan likita ya tsayar da Lujain da Taha a bakin ƙofa, ya ce musu in akwai wata tafiya da tsohon yake so, a yi ta kafin zafi ya shigo, bayan nan kada su sa rai. Suka shirya a tsakaninsu ba za su faɗa masa ba. Ana cikin watan Fabrairu, kuma an sa ranar tashi: Alhamis ta sama.

Matsalar ita ce wuta. Injin da ke ba Baba iskar oksijin yana cin wat ɗari uku da hamsin, kuma a rana sai ya yi awa goma sha biyu a kunne. Abin da ke kan rufin motar kuwa faifan sola ne guda ɗaya tak, na wat ɗari, da batir irin na mota wanda ya gaji, da wata 'yar kwantirola da ko allo ba ta da shi. Wannan ya isa fitila biyu da cajin waya, iyakarsa ke nan. Lujain ta zauna da takarda ta fitar da abin da ake buƙata: faifai huɗu na wat ɗari biyu-biyu, batir na litiyam, sabuwar kwantirola, inbata, da waya mai kauri. Taha ya kai ta Sana'iyya, unguwar masu kayan gyara, suka sayo. Mai shagon ya riƙa yi wa Taha bayani, Taha yana gyaɗa kai, ita tana karanta lambobin da ke jikin kwalaye. Da ta ce fis ɗin da ya ba su ya yi ƙanƙanta, sai da ta maimaita kafin ya ji ta.

Ranar Asabar da sassafe ta jingina tsani ta hau rufin, sifana a aljihun rigarta. Baba yana ƙasa a kujerar roba, a inuwar katanga. Gwaggo Maryama tana gefensa tana tsintar shinkafa a faranti. Gwaggo 'yar baffansa ce daga Kano. Ta zo Hajji tun kafin a haifi Lujain ba ta koma ba, ta yi shekaru tana sayar wa alhazai alkamar tantabaru a hanyoyin Harami, yanzu gwiwa ta zaunar da ita a ɗakin ƙasa na gidan.

Tsohon faifan yana gaba, a saman kan direba, an ɗaga shi a kan ƙafafun ƙarfe kamar taƙi ɗaya daga rufin. Lujain ta durƙusa ta sa sifana a notin farko. Wani abu ya motsa a ƙarƙashi. Ta sunkuya ta leƙa. Tantabara ce toka-toka, kwance a kan 'yan tsinkaye da guntayen igiya, ta kumbura wuya tana kallonta da ido ɗaya. Da ta ɗan ɗaga jiki, Lujain ta ga ƙwai biyu.

Ta daɗe a durƙushe. Daga inda Baba yake ba a ganin komai, kuma Baba ba zai iya hawa tsani ba. Ta san wannan. Ta kuma san abin da aka koya mata tun kafin ta shiga makaranta: a cikin iyakar Harami ba a kashe tsuntsu, ba a korarsa, ba a taɓa sheƙarsa.

"Notin ne ya ƙi?" in ji Baba.

"A'a."

"To me kike kallo?"

"Tantabara ce, Baba. Ta yi ƙwai."

Baba ya ce masha Allah. Ya ce ta sauko a hankali, kada tsanin ya yi ƙara.

Gwaggo ta ajiye farantin. "Nawa?"

"Biyu."

"Dama biyu suke yi. Jiya ta saka su ko shekaranjiya, don ranar Laraba na ga namijin da tsinke a baki. Kwana goma sha takwas za ta kwanta a kai, sannan wata guda kafin 'ya'yan su tashi."

Lujain ta haɗa tun tana kan tsani. Kwana arba'in da takwas. Saura goma sha biyu su tashi.

Taha ya dawo daga aiki da azahar, aka ba shi labari a kan abinci. Shi Hausarsa sai da Larabci take tafiya, musamman in yana sauri.

"Tayyib, ba matsala," ya ce. "Mu ja motar a hankali mu wuce Masallacin A'isha, mun fita Harami ke nan. A can sai a sauke sheƙar a ɗora a kan wata katanga. Halas."

Gwaggo ta yi dariya har ta dafa gwiwa. "Wato tarhil za ka yi mata, korar da ake wa marasa takarda. Ka lallaɓa ta a mota, sai ta buɗe ido ta ga kanta a wajen gari. Ɗan nan, da kai ne hukuma, da tuni ina Kano ina talla."

"Ya Gwaggo, tsuntsuwa ce fa."

"Ita ma a Makka aka ƙyanƙyashe ta, kamar kai. Ta fi ni takarda."

Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye cokali, ya jira numfashinsa ya daidaita. "Wanda ya shigo inuwarka a garin nan, ba a yi masa dabara. Motar nan ba za ta motsa ba sai sun tashi da kansu."

"Abuya, wata ɗaya da rabi ne. Lujain za ta tafi."

"Sai ka kai ta a motarka. In ta dawo hutu mu yi tafiyarmu. Teku ba ya gudu."

Taha ya kalli Lujain. Lujain ta kalli farantinta. Ya ce to Baba ya zo su tafi tare a motarsa mana, duk da ya san babu inda zai kwanta a ciki, babu kuma inda za a jona injin. Baba ya ce shi bai shekara shida yana wanke karafan don ya je teku a naɗe a kujerar baya kamar fasinja ba. Nan maganar ta tsaya.

Babu wanda ya ce wa Lujain ta daina aikin, don haka ta ci gaba. Ta fara da ciki. Ita da Taha suka ciro tsohon batir daga ƙarƙashin benci, ta share farin garin da ya ci bakin wayoyinsa, ta zaunar da sabon ta ɗaure shi da bel. Ta kafa kwantirola a jikin bango inda mai kwance a gado zai iya ganin allonta. Ta ja waya mai kauri zuwa inbata, ta sa fis a kusa da batir, ta rubuta wa kowace waya sunanta a ɗan farin tef. Wannan ya ci kwana uku.

Rufin ya fi wuya. Baba ya yarda ta hau, da sharaɗin a baya za ta tsaya, kuma ba da injin huda ba. Sai ta manna ƙafafun faifan da gam mai ƙarfi, ta bar shi ya kwana, ƙusoshin da ba makawa kuma ta murza su da hannu har tafinta ya yi bororo. Tana aiki tana ganin tantabarun. Ta lura macen ce ke kwana a kan ƙwan, da hantsi namijin ya karɓe ta, ya zauna har la'asar. Namijin ya fi faɗa. In inuwarta ta matso, sai ya yi wani gurnani a maƙogwaro ya ɗaga fiffike ɗaya. Bayan kwana biyu ya daina, ya saba da ita.

Faifai uku suka hau. Na huɗun ba shi da wuri sai inda tsohon yake, don haka ya zauna a kwalinsa a jingine da katanga. Ta gwada abin da ta haɗa: ta ja doguwar waya ta taga zuwa ɗakin Baba, injinsa ya kwana a kan batir. Ya yi aiki lafiya, ko tari bai yi ba. Amma abin da injin ya zuƙe da dare, faifai uku ba su iya mayar da shi kafin rana ta faɗi ba. Rana ta farko batir ya tsaya a kashi tamanin. Ta biyu a sittin da ɗoriya. Ta rubuta lambobin a takardarta ba ta nuna wa kowa ba. Ko da ma faifai ukun sun isa, motar da ba za ta motsa ba, me za su yi mata?

Ranar Lahadi ta kira kamfanin. Ta rubuta abin da za ta ce a bayan ambulan, ta karanta shi sau uku a ɗaki kafin ta danna lambar. Matar da ta ɗauka ta saurare ta da kyau, ta yi wa mahaifinta addu'ar samun sauƙi, sannan ta ce sababbin ma'aikata rukuni ɗaya ake horar da su, wanda bai zo ranar ba sai a ba na bayansa gurbin. Lujain ta ce ta gode, ta gode ƙwarai, ta ajiye wayar.

Taha ya same ta a cikin motar tana ɗaure wayoyi.

"Ki faɗa masa abin da daktur ya ce," ya ce. "In ya sani zai yarda."

"Kai ka faɗa masa."

"Ni in na fara, kuka zan yi, kin sani. Ko kuma, ya'ani, a wayi gari a ga babu sheƙar. Kyanwa ce. Unguwar nan cike take da kyanwoyi."

"Zai tambaye ni."

"Sai ki ce ba ki sani ba."

Taha ya buga murfin benci da tafin hannu ya fita.

Ranar Talata da safe ta tarar da Gwaggo a bakin ɗakinta tana shafa wa gwiwa man zafi. Ta zauna a dakali, ta jira har Gwaggo ta gama ƙafa ɗaya.

"Gwaggo, in an matsar da sheƙa kaɗan, tana komawa?"

"Wa ke tambaya? Injiniya ko 'yar Mukhtaru?"

"Tambaya ce kawai."

Gwaggo ta rufe kwalbar. "Tantabara wuri take ganewa, ba ƙwai ba. Ki matsar mata da shi taku biyu, sai ta tsaya tana kallon inda yake a da, kamar wadda aka rushe wa unguwa. Ƙwan na gabanta, ba ta gani." Ta miƙe ƙafar ta ja zane a kai. "Na taɓa ganin wadda ta koma. Sau ɗaya, a shekara ashirin."

"Sau ɗaya."

"Ni kuma ban ji kin tambaye ni komai ba. Miƙo mini sandata."

Da la'asar Baba ya ce yana so ya ga aikin. Matakala uku ce zuwa cikin motar, ya huta a kan kowacce. Ya zauna a bakin gado, ta jona masa injin a sabon soket, ta nuna masa allon kwantirola: wannan abin da rana ke bayarwa ne, wannan abin da ya rage a batir. Ya sa tabarau ya duba. Ya bi wayoyin da yatsa yana karanta sunayen da ta rubuta.

"Da haka aka yi wa bas ɗinmu, da ban kwana a Muzdalifa da tocila a baki ba," ya ce. "Aikin ya yi kyau. Bayan Hajji, in kin samu hutu, sai mu wuce Yanbu ma. Mu je Umluj. An ce ruwan can kana ganin ƙafarka a ciki."

Bayan Hajji tsakiyar zafi ne. Lujain ta buɗe baki. Ta ga yadda ya riƙe gefen gado da hannu biyu, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, fuskarsa a sake. Ta ce masa ruwan Umluj ɗin ta gani a hoto, da kyau. Ta taimaka masa ya sauka.

Laraba bayan azahar gidan ya kwanta ƙailula. Taha yana wurin aiki. Lujain ta fito da tiren ƙarfe marar baki da ake gasa burodi a kai, da katako ɗaya, da bulo huɗu. Katangar hoshi tsayinta ɗaya da rufin motar, kuma tsakaninsu bai kai mita biyu ba. Ta shimfiɗa katakon a kan katangar ta danne shi da bulo. Ta auna da tef, ta sake aunawa, don wurin ya fuskanci inda sheƙar ke fuskanta.

Namijin ne a kan ƙwan. Da ta miƙa hannu ƙarƙashin faifan, ya mare ta da fiffike a wuyan hannu, mari mai zafi fiye da yadda ta zata. Ya sake. A na uku ya fice ta ɗaya gefen, ya tashi ya sauka a kan eriyar maƙwabta. Ta zura tiren a hankali ƙarƙashin tsinkayen. Sheƙar ba ta da wani ƙarfi, kashin tsuntsu ne kawai ya riƙe ta a jikin rufin, sai da ta kankare da gefen tiren. Ƙwai ɗaya ya mirgina, ta tare shi da yatsa. Da ɗumi.

Ta sauka da tiren a hannu ɗaya, ta matsar da tsani, ta hau katanga ta ajiye. Ta koma ta kwance notuna huɗu. Biyu sun yi tsatsa, ta sa musu mai ta jira. Ta cire wayoyin tsohon faifan, ta ɗauko shi, ta kifa shi a kan bulo a saman sheƙar, taƙi ɗaya daidai, kamar yadda yake a da. In mutum ya kalla daga ƙasa, zai ce faifan ne ya yi tsalle ya koma katanga da duk abin da ke ƙarƙashinsa.

Sannan ta jawo faifai na huɗu daga kwali. Wannan karon ta yi amfani da injin huda, huji huɗu, ta cika su da gam ta ɗaure. Ta haɗa wayoyin, ta sauka ta shiga motar. Lambar da ke allon ta tashi daga ɗari biyar da ɗoriya zuwa kusan ɗari bakwai. Ta tsaya tana kallonta na ɗan lokaci. Daga nan ta wanke hannu a famfon hoshi, ta zauna a dakali inda take ganin rufin da katangar gaba ɗaya.

Namijin ya dawo. Ya sauka a kan sabon faifan, ya taka shi daga wannan gefe zuwa wancan, ƙafafunsa suna zamewa. Ya leƙa ƙarƙashi. Ya zagaya ya sake leƙawa. Da la'asar macen ta zo, suka tsaya su biyu a bakin rufin. Katangar tana gabansu. Sau ɗaya macen ta tashi ta sauka a kanta, a can ƙarshe, ta gyara gashin ƙirjinta, ta koma kan motar. Gwaggo ta fito alwala, ta kalli katangar, ta kalli Lujain, ta shige banɗaki.

Da aka kira magariba tantabarun suka tashi suka bi sauran. Lujain ta hau tsani ta sa bayan yatsa a jikin ƙwan. Sun yi sanyi.

Baba a kujera yake salla yanzu. Ta jira ya shafa addu'a, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Baba, na matsar da sheƙar. Na mayar da ita kan katanga, da tsohon faifan a samanta. Na ɗora na huɗun."

Bai juyo ba. "Sun koma?"

"A'a."

Injin yana ta huci a gefen gado. Daga titi ana jin masu fitowa daga masallaci suna gaisawa.

"Taha ne ya sa ki?"

"Bai ma sani ba."

"Maryama?"

"Ni kaɗai ce."

Ya ja carbinsa ƙwaya uku ko huɗu, ya tsaya. "Tun kina rarrafe, in aka ce kada ki taɓa abu, ba kya taɓawa. Har uwarki tana cewa yarinyar nan anya lafiya, ko kofi ba ta taɓa fasawa ba." Ya huta. "Ranar nan a asibiti kun daɗe a bakin ƙofa, ke da Taha. Na ɗauka takardar magani kuke jira."

Lujain ta kalli dadduma.

"Likita ya ce ba zan kai bayan Hajji ba ke nan."

"Bai ce haka ba. Tafiya ya ce. In za a yi tafiya, a yi ta kafin zafi."

"Kafin zafi." Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka faɗa wa lokacin tashin mota. Bai yi wata tambaya a kai ba.

Da Taha ya shigo, Baba ya sa aka kira shi. Ya ce gobe da an yi asuba ya wuce kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya, ya sayi tunkiya, a yanka a raba wa mabuƙata a nan cikin Harami. Taha ya kalli ƙanwarsa, ya gane. Ya ce shi ya ji malamai suna cewa kaffarar ƙwai ba ta kai tunkiya ba.

"Na ji su nima," in ji Baba. "Tunkiya za a yanka."

"Tayyib. Da sunan wa? Da sunanka zan ce, Abuya?"

"Da sunana," in ji Lujain.

"Da sunanta," in ji Baba. "Ita ta yi. Kada a ɗauke mata." Ya miƙa hannu a ba shi ruwa, ya sha, ya mayar da kofin. "In ka dawo ka duba iskar tayoyi. Ta baya ta dama tana sauka."

Ba su tashi ba sai da hantsi, saboda layi a mayanka. Gwaggo ta cika musu kula da shinkafa da miya, ta ƙulla dabino a leda, ta tsaya a bakin ƙofar hoshi da sandarta. Ita ba ta bin hanyar da ake tsayar da mota a nemi takarda. Ta rungume Lujain, ta ce mata a kunne za ta binne ƙwan a gindin bishiyar lemo, ba za ta bar wa kyanwa ba. Sannan ta ɗaga murya ta ce wa Taha in ya yi gudu da ɗan'uwanta, Allah ya isa.

Da Taha ya tayar da injin motar, tantabaru biyu suka tashi daga rufin. Baba yana kwance a gadon baya, ya jingina da matasai uku, tiyo a hanci. Ya ji ƙarar fiffikensu. Tun daren jiya magana tsakaninsa da Lujain ba ta wuce miƙo mini da ga shi ba.

Motar ta fita daga lungu da ƙyar, madubinta yana shafar katangar maƙwabta. Suka hau babban titi, gidaje suka ragu, baƙaƙen duwatsu suka fara. Lujain ta zauna a benci a saman batir, inda take ganin allon. Rana tana ba da fiye da abin da injin ke ci. Bayan Jumum ta duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, babu wadda ta yi zafi. Baba yana kallon taga. Wani wuri ya nuna wata tsohuwar tasha ya ce wa Taha a nan bas ɗinsa ya taɓa tafasa da alhazan Turkiyya hamsin a ciki. Bayan Usfan idonsa ya fara rufewa.

"In an ga ruwa a tashe ni," ya ce, bai ambaci sunan kowa ba.

Sun yi fiye da awa ɗaya a cikin fili fetal, babu komai sai turakun lantarki da raƙuma jefi-jefi. Kusa da Rabig Taha ya sauka daga babban titi ya bi wata ƙaramar hanya ta yamma. Can a gaba wani shuɗin layi ya bayyana a ƙarƙashin sama, siriri kamar zare. Taha ya leƙa madubi, ya ga tsohon ya yi nisa a barci, bakinsa a ɗan buɗe.

"Bar shi ya huta," ya ce a hankali. "Kwana uku za mu yi muna ganinsa."

Lujain ta tashi, ta dafa bango saboda girgizar hanya, ta je ta taɓa kafaɗarsa.